Alƙalin da Ya Taka Fadama: Nazarin Wata Shari'ar Jingina a Ƙasar Zazzau

A wani gari da ke arewa da birnin Zariya, cikin ƙasar rake da mazarƙwaila, har gobe idan mutum biyu suka ɗaga murya a kan iyakar gona, sai ka ji wani dattijo ya ce, "Da Malam na nan, da tuni an je an taka wurin." Malam ɗin da ake nufi alƙali ne da ya zauna a garin shekaru kaɗan, ba ma ɗan garin ba ne, kuma ya daɗe da kwanta dama. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi na garin ba, domin jikokin waɗanda suka yi shari'ar da zan kawo suna nan da ransu, har auratayya ta shiga tsakaninsu. Mahaifina ne magatakardan kotun a lokacin. Daga bakinsa na ji yawancin abin da ke nan, sauran kuma daga tsofaffin garin, waɗanda kowannensu ke da nasa ƙarin gishirin.

Mutanen garin sun fi son labarin ƙin karɓar toshiya. Ni kuwa da na girma na san yadda kotu ke tafiya, sai na ga ba a nan girman mutumin yake ba. Alƙalan da ba su ci hanci ba suna da yawa, an kuma manta da su. Shi wannan ya san inda zai ɗora nauyin hujja, kuma ba ya gaggawa.

Gidan da ya fito

A cikin ganuwa aka haife shi, a ɗaya daga gidajen malamai na birni, irin waɗanda ake samu a Unguwar Juma da Kona da Unguwar Alƙali, inda yaro ke tashi ya tarar da almajirai cike da zaure tun asuba. Ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafan zaure kamar kowa, daga ƙananan fiƙihu zuwa Risala, har ya kai Muhtasar, wanda malamanmu ke kasawa biyu su ce Lawwali da Sani. Abin da ya raba shi da 'yan'uwansa shi ne mahaifinsa ya yarda aka kai shi Kano, makarantar horar da alƙalai da aka buɗe a 1934, wadda malamai daga Sudan suka koyar a cikinta, aka kuma faɗaɗa ta a 1947 ta zama makarantar nazarin Larabci. A wancan zamani ba kowane malamin zaure ke yarda ɗansa ya zauna a kan benci ba. Can ya koyi boko da lissafi, ya iya rubuta zaman kotu a rajista.

Ya fara aiki muhuti a zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, wanda ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959. Muhuti shi ne na kusa da alƙali: ya duba littafi, ya lissafa rabon gado, wani lokaci a aike shi ya ga abin da ake jayayya a kai. Kotunan alƙalai duk na En'e ne, wato hukumar gargajiya, sarki ke naɗa alƙali, daga baitulmali ake biyansa, kuma sarkin da kansa yana da kotu.

Sau biyu ƙasa ta juya a ƙarƙashin ƙafarsa. Na farko gab da samun 'yanci. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kira wani kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, daga shawararsu aka fito da dokar laifuffuka ta Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960. A lokacin ne hukuncin laifuffuka ya bar littattafan Malikiyya ya koma sashe kaza na doka kaza, aka bar wa fiƙihu aure da saki da gado da sauran ma'amaloli. Aka riƙa kwaso alƙalai da ma'aikatansu ana kawo su Kongo, nan Zariya, ana yi musu kwas. Mahaifina ya ce Malam kan ba da labarin yadda dattawa masu furfura, waɗanda suka haddace Muhtasar, suka zauna suna koyon lambobin sashe kamar 'yan elemantare. Wasu sun ji haushi har suka mutu. Shi bai ji daɗi ba, amma ya koya, ya kuma iya.

Na biyu shi ne 1 ga Afrilu, 1968, ranar da dokar kotunan eriya ta fara aiki. Aka rufe kotunan sarakuna, aka cire alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su ƙarƙashin Babban Jojin jiha, aka sa musu sufetoci masu duba rajista. A takarda, hakimi ba shi da sauran iko a kan alƙali. A zahiri kuwa, alƙalin ƙauye yana kwana a garin hakimi, yana sallar Juma'a a bayansa, matarsa na zuwa suna a gidansa. A cikin wannan yanayi aka turo Malam garin da muke magana.

Ƙarar

Shekarar da ta biyo bayan farin 1973 ce. Gonakin tudu sun ba mutane kunya, idon kowa ya koma fadama, inda ko damina ta yi gardama rake zai yi. Wurin da a da ake ba aro don a share ciyawa, sai ya zama abin faɗa.

Wata mata ce ta kai ƙara, tare da ƙanenta. Ta ce fadamar da wani Alhaji, babban mai sayen mazarƙwaila a garin, yake nomawa kusan shekara ashirin, ta ubansu ce. Uban ya jinginar da ita fam goma sha biyu lokacin da zai tafi Makka ta ƙasa, ta hanyar Barno da Sudan, kamar yadda talakawa ke yi a wancan zamani, su yi shekaru a hanya suna ƙwadago. Bai dawo ba. Bayan shekaru wasu abokan tafiyarsa suka komo da labarin rasuwarsa. Lokacin tafiyar ita tana 'yar shekara biyar, ƙanen yana goye. An aurar da ita wani gari, shi kuma ya tashi a hannun kawunsa. Yanzu sun haɗa kuɗin, suna son gonarsu.

A lokacin doka ba ta ba lauya damar tsayawa a kotun eriya ba, kowa da bakinsa yake magana. Amma Alhaji bai zo hannu rabbana ba, ya riga ya zaga wurin wani malami an koya masa abin da zai ce. Da aka karanta masa da'awa sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara ashirin ina noma wurin nan, gari duka na gani, ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. Hauzi ya kama."

Hauzi hujja ce mai ƙarfi a mazhabar Malikiyya. Wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki a cikinta kamar tasa, mai ita yana nan yana kallo, bai yi magana ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to in ya zo daga baya ba a sauraron ƙararsa. Tsakanin dangi wa'adin kan kai shekara arba'in, saboda ɗan'uwa kan yi kawaici. Hikimar a fili take: kada a bar mutane suna tono tsofaffin rigingimu bayan shaidu sun mutu. Alƙali mai son ya huta zai iya rufe shari'ar nan a zama ɗaya, ba kuma wanda zai ce bai bi littafi ba.

Malam bai ce masa komai a kan hauzin ba. Tambaya ɗaya ya yi masa, cikin sanyin murya: "Alhaji, kafin ta zo hannunka, ta wa ce?"

Alhaji ya ce, "Ta ubansu ce, amma saya na yi."

Mahaifina ya ce Malam ya juyo ya dube shi ya ce, "Rubuta yadda ya faɗa." Ya sa aka karanta wa Alhaji, ya amsa cewa haka ya ce. A nan shari'ar ta juya, ko da yake ba wanda ya lura a cikin masu kallo. Aikin farko na alƙali shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, domin hujja tana kan na farko, rantsuwa tana kan na biyu. Matar ce ta kawo ƙara, amma da Alhaji ya yi iƙirarin cewa asalin gonar ta ubansu ce, ba ta da sauran buƙatar tabbatar da wannan. Shi ne yanzu ke da'awar sabon abu, wato ciniki. Abin da zai cece shi daga kawo shaidu kawai shi ne hauzin ya tsaya.

Sai Malam ya bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki zama uku yana yi. Mai gona yana nan yana kallo? A'a, yana hanyar Makka, kuma ba a ƙirga shirun wanda ba ya nan. Bayan rasuwarsa fa? Magada yara ne, ba a ƙirga shirun yaro sai ya balaga. Ya sa aka kira kawun da wata tsohuwa da ta yi wa uwar wankan jego, aka lissafa shekarun yaron da abubuwan da gari ya sani, aka ga bai cika shekara goma da balaga ba. Ita kuma matar tana aure a wani gari. Bayan wannan duka, abin da ya shiga hannun mutum ta hanyar aro ko jingina ko amana, ko ya shekara ɗari ba ya zama nasa da hauzi. Aka ce wa Alhaji ya kawo shaidun ciniki, aka ba shi mako biyu.

Cikin makonni biyun nan ne abin da gari ke ba da labari ya faru. Tsofaffi suna cewa an kai wa Malam rago da buhun shinkafa da dare, ya sa masinja ya ɗaure ragon a gindin bedin ƙofar kotu har gari ya waye kowa ya gani. Mahaifina kan yi dariya in ya ji. Ya ce ba rago, ba shinkafa. Turmin atamfa ne da ƙwaryar goro uwargidan Alhaji ta aika wa uwargidan Malam da sunan barka, don ta haihu ba da daɗewa ba, ita kuwa ta karɓa da zuciya ɗaya har ta ba tela. Da Malam ya ji, ya tambayi kuɗin atamfar a kasuwa, ya ranta a wurin mahaifina don wata ya yi nisa, ya aika wa Alhaji. A zama na gaba, kafin a fara komai, ya faɗi abin da ya faru a gaban jama'a, ya sa aka rubuta, sannan ya tambayi matar: "Kin ji abin da ya shiga gidana. Kin yarda in ci gaba, ko in tura ku wata kotu?" Ta ce ta yarda. Ni wannan ya fi mini labarin ragon, domin a cikinsa akwai kunya, akwai bashi, akwai kuma matar gida da ta kwana tana kuka.

Hakimi ma ya aiko. Bai ce a yi wa Alhaji alfarma ba, manya ba sa magana haka. Cewa ya yi a duba zaman lafiyar gari, in da hali a dawo da maganar fada a sasanta. Malam ya je da kansa bayan la'asar, ya tuɓe takalmi, ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya ce, "Ranka ya daɗe, sulhu alheri ne, kuma zan neme shi. Amma sai kowa ya san haƙƙinsa tukuna, sannan ya san abin da yake yafewa."

Alhaji ya kawo shaidu biyu. Na farko yaronsa ne, a gidansa yake ci yake sha, shi ke tsaron injin matse rakensa. Malam ya ajiye shaidarsa saboda tuhuma, don wanda ke ƙarƙashin ciyarwar mutum ba ya yi masa shaida. Na biyu dattijo ne mai mutunci, amma da aka tambaye shi ko yana wurin da aka yi cinikin, sai ya ce shi dai ya ji Alhaji na faɗa. Aka gode masa ya koma ya zauna.

Su ma magadan ba su sha da daɗi ba. Sun so uwarsu ta yi shaida, Malam ya ƙi: uwa ba ta yi wa 'ya'yanta shaida, balle ita ma tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, a cikin gadon. Cikin mutum uku da aka ce sun halarci jinginar, biyu sun rasu. Saura ɗaya, wani tsohon maƙeri da ido ya fara yi wa nauyi. Ya ce a zaurensa aka ƙirga kuɗin, fam goma sha biyu, bisa cewa in mai gona ya dawo ya biya ya karɓi abinsa. Aka ba Alhaji damar sukar shaidar, ya ce tsohon yana jin haushinsa tun wata rigimar bashin garma. Malam bai yi watsi da sukar ba. Ya aiki muhutinsa a asirce wurin liman da wasu dattawa biyu, aka tambayi halin maƙerin da batun bashin, aka tarar an biya shi tun tuni, har ma Alhaji ya halarci auren 'yar tsohon bayan nan. A dukiya, Malikiyya na karɓar shaida ɗaya tare da rantsuwar mai haƙƙi. Ranar Juma'a bayan an sauko, matar da ƙanenta suka yi alwala suka rantse a masallaci, gaban muhuti da Alhaji.

Saura iyaka, kuma nan ne sunan Malam ya samo asali. Alhaji yana da tasa fadamar a maƙwabtaka, cikin shekaru ashirin ya haɗe biyun, rake ya rufe ko'ina. Yawancin alƙalai muhuti za su aika, ko su ce mai unguwa ya je ya gani ya kawo bayani. Shi kuwa ya hau kekensa, mahaifina na biye da rajista a ɗaure a bayan nasa keken, ya naɗe wando har gwiwa ya shiga taɓo. Aka riƙo hannun maƙerin. Tsohon ya ce a nemi kututturen giginya daga gabas, daga nan a bi layin jema zuwa bakin rafi. An sare jemar tun da daɗewa, amma saiwarta ba ta mutuwa da sauƙi. Da aka sa fartanya aka tona sai ga ta a jere. Malam ya sa maƙwabtan gonar huɗu suka tsaya, kowa ya faɗi abin da ya sani, aka kafa duwatsu, aka auna da igiya, mahaifina ya zana taswirar wurin a rajista da sunan kowane maƙwabci. Sun kai azahar a fadamar. Wannan zane shi ne abin da babbar kotun eriya ta Zariya ta dogara da shi da Alhaji ya ɗaukaka ƙara, ta kuma tabbatar da hukuncin.

Kafin ya yanke, ya yi i'izari, wato tambayar ƙarshe da ake yi wa wanda hukunci zai hau kansa a gaban shaidu: "Kana da sauran wata hujja?" Alhaji ya nemi kwana bakwai, aka ba shi. Ya dawo ba komai. Hukuncin ya zama: fadama ta magada ce, za su biya naira ashirin da huɗu, tunda da aka canja kuɗi a farkon 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu, raken da ke tsaye na Alhaji ne, shi ya dasa, sai ya sare sannan ya miƙa wurin.

Inda nake da ja

Alhaji ya yi ƙorafin cewa fam goma sha biyu na zamanin Sarki Ja'afaru ya fi ƙarfin naira ashirin da huɗu ta yanzu nesa ba kusa ba. Gaskiyarsa ce. Malam ya ce bashi da kwatankwacinsa ake biya, ya kuma tuna masa raken shekara ashirin. To a nan ne matsalar take. Jinginar da muka saba, wadda mai ba da rance ke cin amfanin gona har sai an biya shi, malaman fiƙihu ba su yarda da ita ba, don rance ne da ya jawo amfani. In aka bi ƙa'ida har ƙarshe, magadan suna da damar neman a lissafa abin da Alhaji ya ci, kuma da an lissafa, shi zai biya su, ba su za su biya shi ba. Malam ya san haka sarai, ya ma faɗa musu. Amma nan take ya shiga ba su shawarar su yafe, ga liman a zaune, ga wakilin hakimi, ga kawu na gyaɗa kai. Matar ta dubi ƙanenta ta ce sun yafe.

Mahaifina har ya rasu yana kare wannan. Ya ce da an shiga lissafin rake, da shari'ar ta shekara biyar tana yawo tsakanin Zariya da Kaduna, kuma yaron a garin zai zauna, wurin Alhajin nan zai sayar da mazarƙwailarsa. Na fahimci wannan. Amma ina ganin mace ita kaɗai a gaban manyan gari ba ta da bakin cewa a'a, kuma mutumin da ya tambaye ta ko ta yarda ya ci gaba da shari'a saboda turmin atamfa, ya kamata ya ba ta ko da kwana bakwai ɗin da ya ba Alhaji, ta je ta yi shawara. Bai ba ta ba. Wannan ne sulhun da ya yi wa hakimi alkawari, kuma daga aljihun marayu aka biya shi.

Ba a nan kaɗai yake da rauni ba. Matan da suka je neman hul'i a gabansa sun sha jeka-ka-dawo, don yana ganin kowane aure zai gyaru in aka ja lokaci, har da wanda kowa ya san ya mutu. Yana da faɗa ga ma'aikatansa. Kuskuren harafi ɗaya sai ya sa a sake kwafe shafi guda. 'Ya'yansa kuma ba su tashi da sha'awar aikin ba, ko ɗaya bai gaje shi ba. Babbansu ya taɓa ce mini abin da ya fi tunawa shi ne ranar sallah, yaran masinja sun fi su kyawun kaya.

Bayan shari'ar da 'yan watanni aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wata kotu can kudancin jihar. Mutanen gari suka ce Alhaji ne da mutanensa. Mahaifina ya ce lokacinsa ne ya yi, da ma ba a barin alƙali ya daɗe a gari ɗaya. Na fi karkata ga maganar mahaifina, don shi ya ga takardar, kuma ba Malam kaɗai ta shafa ba. Amma gari ya riga ya zaɓi labarin da yake so, kuma canjin ya ƙara masa daraja fiye da hukuncin kansa. Ya yi ritaya ya koma gidansu a birni, ya ci gaba da karantar da Risala a zaure bayan asuba. Bai ga 2001 ba, shekarar da Jihar Kaduna ta sauya kotunan eriya da kotunan shari'a da na al'ada. Ranar jana'izarsa motar haya biyu ta zo daga garin, cike da mutanen da yawancinsu bai taɓa yi musu shari'a ba.

Fadamar kuwa an raba ta yadda gado ya tanada: tumuni ga uwa, saura kashi uku, biyu ga namiji ɗaya ga mace. Yaron ya noma rabonsa shekara shida, sannan ya sayar ya sayi babur, kuma babban ɗan Alhaji ne ya saya, da takarda da shaidu huɗu. Matar ta ƙi sayar da nata. Jikokinta ke noma shi yanzu, tumatir da albasa da rani, kuma biyu daga duwatsun da aka kafa ranar nan suna nan a bakin rafi.